TAƊI DAGA ZURU: Sabon Garin Kano da Abin da Ya Shafe Mu

A wannan wata za mu ɗan yi nisa da gida. Kano za mu, amma ba za mu shiga cikin birni ba. Za mu tsaya a bayan ganuwa, a unguwar nan da ake ce da ita Sabon Gari. Da wuya ka sami ekklesiya a ƙasar Zuru wadda ba ta da ɗa ko ɗiya a Kano, ko soja a barikin Bukavu, ko ɗan sanda, ko malamar asibiti, ko kuwa yaron da ya tafi neman na kansa. In sun zo hutun Kirsimati sunan nan ba ya barin bakinsu. Iyaye kuwa in sun ji shi sai gabansu ya faɗi, gama abin da suka sani game da wurin bai wuce giya da gidajen rawa da tarzoma ba. Su kuma yara kasuwa suke gani, da kuɗi, da hasken lantarki. Ya kamata mu san yadda wurin ya samu, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki, mu da muke zaune a Rikoto da Dabai da Rafin Zuru.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Bayan wata guda, a Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi alkawari cewa gwamnatinsa ba za ta sa hannu cikin sha'anin addinin jama'a ba. Wannan alkawari ne aka riƙa fassarawa daga baya da cewa kada a bar 'yan mishan su zauna cikin biranen sarakunan Musulmi. To, ana nan sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Jirgi kuwa ba ya tafiyar da kansa. Yana bukatar direba, da mai zuba gawayi, da akawun sayar da tikiti, da mai buga waya, da kafinta, da maƙeri. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fatu su ma suna neman akawuna. A lokacin nan masu ilmin boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba, saboda haka aka ɗebo mutane daga Ikko, da Saliyo, da ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Da yawansu Kirista ne, sun saba da kotun Turawa, suna karanta jarida, suna kuwa da baki.

Ina za a ajiye su? Turawa ba su so su a cikin birni, kada su koya wa talakawan Sarki gardama. Ba su kuma so su kusa da gidajensu, wai saboda zazzaɓi. Har ƙa'ida suka kafa cewa a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Bature da ta baƙar fata, sai ka ce sauro ya san awo. Domin haka a 1913, zamanin Sarki Abbas, aka yanka musu fili a bayan Fagge, aka ja tituna miƙaƙƙu kamar layukan littafin lissafi, aka raba fuloti. Shi ke nan an haifi Sabon Gari. An yi irinta a Zariya, da sauran garuruwan da jirgi ya taɓa.

A lura fa, ba baƙin ne suka ce ba za su zauna da 'yan gari ba, ba kuwa Kano ce ba ta san baƙo ba. Tun kafin zuwan Turawa akwai Yarbawa a Ayagi, akwai Tudun Nufawa, akwai Zangon Barebari, akwai Agadasawa, duka a cikin ganuwa. Jikokin waɗannan yau Kanawa ne, ba mai tambayarsu daga ina suka fito. Gaskiya ne addini ɗaya ya sauƙaƙa musu wannan, ba mu musu. Amma dai aure da cuɗanya da zaman tare su ne suka yi aikin, su ne kuwa sabon tsarin ya datse. Ko da haka, a shekarun farko Hausawa da Nufawa da yawa sun zauna a Sabon Gari, sai a hankali aka riƙa karkatar da baƙi 'yan Arewa zuwa Tudun Wada.

Wanda ya san labarin Afirka ta Kudu zai ce ya taɓa jin makamancin wannan. A 1983 gwamnatin wariyar launin fata ta can ta ware wani fili mai rairayi, wajen kilomita 30 daga tsakiyar birnin Kef Tawun, ta ce baƙar fata su koma can. Yawancinsu mutanen Kosa ne, watau masu harshe ɗaya da Nelson Mandela. Sunan da aka raɗa wa wurin Kayelitsha, ma'anarsa kuwa da harshensu sabon gida. Ƙidayar 2011 ta sami mutum wajen 390,000 a ciki. Mulkin wariya ya faɗi a 1994, amma ma'aikaci a can bai daina tashi da asuba ya yi wannan doguwar tafiya zuwa wurin aiki ba. Kada dai mu haɗa su a ma'auni ɗaya. Can an riƙa korar mutane ne cikin ƙasarsu saboda fatarsu, da bindiga da motar rusau. Na Kano bai kai nan ba ko kusa. Inda suka yi kama shi ne, ana son hannun mutum wurin aiki da rana, ba a son ya zama maƙwabci da dare.

Shekaru da dama Sabon Gari ba ta ƙarƙashin Sarkin Kano. Tana hannun wani Bature ne da ake kira Joji, bisa dokar garuruwa ta 1917. Sai a 1940 aka mayar da ita hannun En'e. In kana so ka karanta tarihin nan ba sai ka je ɗakin littattafai ba, sunayen tituna sun isa. Yaranmu sukan ce suna zaune a titin France, suna tsammani ƙasar Faransa ake nufi. A'a, sunan mutum ne, wani tsohon akawu daga Ghana wanda aka ba shugabancin unguwar cikin shekarun 1930. Wanda ya gaje shi ɗan Saliyo ne, shi ne mai titin Ballat Hughes. Ga titin Gold Coast, ga Freetown, ga Abeokuta, ga Enugu, ga Warri. Hukuma ta sake wa waɗansu suna daga baya, amma gwada faɗa wa mai a-daidaita-sahu sabon sunan ka ga ko zai kai ka.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda mutanen nan da aka ajiye a gefe suka yi da kansu. Ba su zauna jiran hukuma ba. Angalikan suka gina majami'ar Holy Trinity da makarantarta. Katolika suka yi tasu, Baftis na Yarbawa suka yi tasu. Yarbawa Musulmi suka gina masallatai da makarantu, gama kada mu ɗauka kowa a Sabon Gari Kirista ne. Ƙungiyar Ibo ta tara kuɗi kwabo-kwabo ta gina makarantar kanta. Ƙarƙashin waɗannan manya kuma akwai ƙanana, kusan kowane gari na Kudu da taronsa. Ran Lahadi bayan sujada sai a taru a gidan wani dattijo. A kira suna, kowa ya ajiye kuɗin wata, wanda ya makara a ci shi tara. In sabon yaro ya sauka a tasha, akwai wanda zai ba shi tabarma har ya sami abin yi. In wani ya kwanta asibiti, an san wanda zai kai masa abinci. In miji da mata sun saɓa, taro ne zai fara ji kafin kotu. In mutum ya rasu, taro ne zai ɗauki mota ya kai gawa gida, ko da tafiyar kwana da wuni ce. Mata kuma suna da adashinsu, wanda ya ɗora 'yan kasuwa da yawa a kan ƙafafunsu.

Akwai wata al'ada ta Ibo da mutumin Zuru zai gane nan da nan. Mai kanti yakan ɗauko yaro daga ƙauye, yaron ya yi masa bauta shekaru, yana sharar kanti, yana dako, yana koyon ciniki, ba albashi. In wa'adi ya cika sai maigida ya sallame shi da jari, ya buɗe nasa kanti, nan gaba shi ma ya ɗauko wani. Mu da muka san golmo, inda saurayi yakan yi shekara bakwai yana noma wa surukinsa tare da 'yan'uwansa samari kafin a ba shi mata, ba za mu yi mamakin wannan ba. Bambancin shi ne, su sun ɗauki tasu al'ada sun kai ta birni ta haifa musu kantuna. Mu kuwa tamu muna ta barinta a gona, ba mu kuwa sa wani abu a gurbinta ba. Yaronmu yakan sauka Kano da takardar sakandare a aljihu, ba mai jiransa.

Har siyasar Arewa ma ta ci moriyar wurin. Jam'iyyar NEPU, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya, a Sabon Gari aka kafa ta ran 8 ga Agusta 1950, mutum takwas a gidan Bello Ijumu. Abin da samarin birni ba su iya faɗa a cikin ganuwa ba, a nan suka sami ɗakin faɗarsa.

Kasuwar Sabon Gari kuwa, wadda aka sa wa sunan Gwamna Abubakar Rimi, ita ce inda katangar da Turawa suka gina ta fi zubewa. A nan Alhaji yakan ba Ibo kaya bashi a kan magana kawai, Ibo ya ba Alhaji. Da gobara ta tashi cikin watan Maris na 2016 ta cinye dubban rumfuna, ba ta tambayi kowa inda yake sujada ba, kuma tare suka tsaya suna duban toka.

Ba za mu ɓoye abin da iyaye ke tsoro ba, gama gaskiya ne. Akwai mashaya, akwai gidajen da ba ma son 'ya'yanmu su san ƙofarsu. Akwai cunkoso: fulotin da aka yanka domin iyali ɗaya yanzu bene ne mai hawa uku ko huɗu, kowane ɗaki da nasa iyali. Lambatu yakan toshe da damina, ruwan sha kuwa sai na 'yan garuwa. Kuɗin haya yana cin rabin wahalar mutum. Sai dai mu ƙara da abu ɗaya. Ba mazauna unguwar kaɗai ke cika mashayar nan ba. Tun da aka kafa shari'a a Jihar Kano a 2000, har ma kafin nan, wurin ya zama bayan gidan gari duka: a zo da dare, a zage shi da safe. Uwar da take goyon 'ya'yanta a hawa na uku, tana kai su makarantar Lahadi, ita ce ke ɗaukar baƙin sunan.

Yanzu sai zancen jini, wanda ba daɗin faɗa. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a titi. Da jam'iyyar Action Group ta aiko da tawaga Kano ƙarƙashin S. L. Akintola cikin watan Mayu, sai faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Lissafin hukuma ya ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Yawancin waɗanda suka mutu ba su san abin da aka faɗa a majalisa ba. Abin da ya sa faɗan ya yi sauƙin kamawa shi ne kowa ya san inda zai sami ɗaya ɓangaren, an riga an tara masa su wuri guda, titi ne kawai a tsakani.

Na 1966 ya fi muni nesa ba kusa ba, a watan Mayu, sa'an nan a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Ibo suka tsere, unguwa ta zama kufai, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 har Janairu 1970. Gidaje da yawa a ƙasar Zuru sun ba da 'ya'yansu ga wannan yaƙi, waɗansu ba su komo ba, saboda haka ba labarin waɗansu muke ba da ba. Bayan haka an sake taɓawa a 1982, da kuma Oktoba 1991 sa'ad da aka shirya taron wa'azin Reinhard Bonnke. Ran 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road ya kashe fiye da mutum 20. A watan Yuli na 2014 aka jefa wani a majami'ar St. Charles ana fitowa daga sujada. Cikin Nuwamba na wannan shekara kuma masu irin wannan aiki suka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin birni, suka kashe fiye da mutum 100. Duk mai ba yaransa labarin na farkon, ya ba su na biyun kuma.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Da yaƙi ya ƙare a 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, Ibo suka fara komowa Kano da ɗan ƙunshinsu. Da yawa suka tarar gidajensu suna nan, aka mayar musu, waɗansu har da kuɗin hayar da aka tara musu a bayansu. Ba ko'ina cikin ƙasar nan aka yi haka ba. A kowace tarzoma kuma an sami Musulmin da ya ɓoye maƙwabcinsa Kirista a ɗakin matarsa, da Kiristan da ya yi wa Musulmi haka. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma raɓar da ta shekara fiye da 100 tana komowa bayan kowace wuta, a sake mata suna.

To, ina namu suke cikin wannan duka? A tsakiya suke, tsakiyar kuwa ba daɗi. Yaron Zuru in ya shiga Sabon Gari, da ya buɗe baki sai a ce Bahaushe ne, a kira shi aboki. In ya shiga birni aka ji sunansa Bitrus ko Ishaya, sai a yi mamakin yadda ya iya Hausa haka. Ran tashin hankali kowane shinge na iya tare shi. Shi ya sa da yawansu ba su zauna a Sabon Gari sosai ba, sai a Birget da Badawa da kewayen bariki, inda Kiristan Arewa suka taru, ana sujada da Hausa, Zumuntar Mata tana kaɗa tulunta kamar a gida. Muna roƙon dattawan ekklesiya, duk yaron da zai tafi a ba shi takarda zuwa ga wani fasto a can, a kuma buga wa faston waya. Wannan ba ya cin ko sisi. Iyaye kuma ku zauna da shi ku karanta Irmiya sura 29, wasiƙar da annabin ya aika wa mutanensa da aka kwashe zuwa Babila. Ya nuna musu yadda baƙo zai zauna a garin da ba nasa ba, ya yi gini, ya yi shuka, ya kuma yi wa garin addu'a. Yaron da ya tafi da wannan a zuciya ba zai ɗauki Kano wurin kwasa a gudu ba.

Mu a Zuru Allah ya yi mana wata baiwa da ba mu saya ba. 'Yan mishan na UMS, waɗanda aikinsu ya haifi UMCA, sun sauka nan cikin shekarun 1920, ba a kuwa yanka wa masu bi unguwa dabam ba. A gida ɗaya za ka sami Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni, tukunya ɗaya, makoki ɗaya, ran Uhola kowa ya fito. Amma kada mu yi fahariya tukuna. Akwai 'ya'yan Ibo da Yarbawa a azuzuwanmu waɗanda a nan aka haife su, waɗansu suna jin C'Lela fiye da 'ya'yanmu da suka tashi a bariki. Ran da za a nemi takardar shaidar asali domin shiga makaranta ko aikin gwamnati, sai a ce su tafi garin da ba su taɓa kwana ba. Daidai abin da ake yi wa jikan mutumin Sabon Gari ke nan, daidai kuma abin da ake yi wa ɗanmu da aka haifa a Birget, muna jin zafi.

Ga kuma sababbin baƙi, waɗanda ba jirgin ƙasa ya kawo su ba. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashe 25, ko da yake daga baya sun kuɓuta. Mutane sun bar rumbunansu sun kwararo Ribah da Dirin Daji da Zuru, suna kwana a kangaye da ɗakunan aro a bakin gari. Kowa yana cewa na ɗan lokaci ne. Haka Turawa suka ɗauka game da akawunan 1913. Mun riga mun fara jin ana cewa "yaran 'yan gudun hijira" in an rasa kaza a unguwa. A majami'u kuma ka duba bencin baya ran Lahadi, ka ga su wa ke zaune, ka kuma duba ko akwai sunan ɗayansu cikin masu karɓar baiko ko 'yan kwaya. Yaro ɗan shekara 10 yakan zo mana bai taɓa riƙe fensir ba tun da aka rufe makarantar ƙauyensu. Ba shi da takardar haihuwa, ba shi da rigar makaranta. Kwamitin kowace makarantar ekklesiya sai ya yanke shawara tun kafin sabon zango, ko za a karɓe shi haka nan a sa shi benci ɗaya da ɗan shugaban kwamiti, ko kuwa za a ce ya dawo in ya shirya.

'Yan'uwanmu da ke Kano da Kaduna da Ikko, mun ji waɗansunku suna da taron mutanen Zuru. Ku rubuto mana yadda kuke tafiyar da shi: nawa ake biya, wa ke riƙe kuɗi, me ake yi wa sabon zuwa, ko kuma Kirista da Musulmi suna zama taro ɗaya. Za mu buga amsoshinku a wannan fili in Ubangiji ya kai mu.